Florival Candeias, Wanda Muka Kira Matoshi

Haihuwa da Nasaba

An haifi Florival Inácio Candeias a ranar uku ga watan Maris na shekarar 1941, a ƙauyen masunta na Calheta Velha da ke gaɓar teku a yankin Odemira, kudu maso yammacin Fotugal. Mahaifinsa, Inácio Candeias, maƙeri ne da ya shekara arba'in yana ƙera wa jiragen ƙauyen anga da ƙugiyoyi da sarƙoƙi, mahaifiyarsa kuwa, Perpétua da Conceição, tana cikin matan da ke ɗaukar kifi a ka su kai garuruwan tudu. Shi ne na uku cikin 'ya'ya biyar, kuma shi kaɗai ne namijin da ya rayu har ya girma. An yi masa baftisma a ƙaramin cocin kan tudu kwana tara bayan haihuwarsa, kuma sunan da ke sama shi ne wanda fada, limamin cocin, ya rubuta a littafin coci.

Wajibi ne a nanata wannan suna tun daga farko, domin akwai waɗanda suka yi furfura a ƙauyen nan ba su taɓa furta shi ba. A al'adarmu laƙabi ya fi suna ƙarfi: da shi ake kiran mutum a bakin ruwa, shi 'ya'yansa ke gada, shi ake bugawa a ƙasan takardar sanarwar mutuwa da ake liƙawa a ƙofar coci. Shekara arba'in cur ƙauyen nan yana kiran wannan bawan Allah Rolha, wato Matoshi, irin abin da ake cusawa a bakin kwalba, yana kuma kiran zuri'arsa 'ya'yan Matoshi. Ƙungiyar masunta ta saba sa sakatarenta ya rubuta tarihin duk memban da ya rasu, a karanta a zaure ranar addu'ar kwana talatin, sannan a adana. Galibinsu shafi guda ne na yabo. Wannan ya fi su tsawo, saboda manufarsa ita ce a cire wa mamaci da 'ya'yansa sunan da aka liƙa musu bisa ƙarya, kuma marubucinsa yana rubuta shi ne cikin kunya mai tsanani.

Ƙuruciya da Karatu

Ya shiga makarantar firamare a shekarar 1948, ya kammala aji huɗu a 1952, wanda shi ne iyakar ilimin da ake ganin ya dace da ɗan talaka a wancan zamani. Daga nan ya koma maƙera yana yi wa mahaifinsa zuga. Bai taɓa zama masunci ba, domin jirgi na juya masa ciki, tun kafin a fita mashigi yake fara amai, kuma sa'o'insa ba su taɓa barin ya manta da haka ba. Amma teku ta ja shi ta wata hanyar, ta hanyar Kaka.

Avó muke ce mata, wato Kaka: kogon nan da ke ƙarƙashin dutsen arewa da mashigi, wanda igiyar ruwa ke shiga ta ƙasa ta turo iska ta wani rami a sama, da faɗinsa bai wuce bakin babbar tukunya ba. Tun zamanin kakanni ba a sa jirgi a ruwa sai an saurare ta. In tana numfashi, a fita lafiya. In tana tari, a fita amma kada a yi nisa. In kuwa ta yi gurnani, ba mai fita, kuma dokar ba a kan mai jirgi kaɗai take ba. Jiragenmu a tudu suke kwana, ba sa shiga ruwa sai mutum goma sha biyu sun sa kafaɗa sun gangara da su a kan gungumen itace, saboda haka haramun ne ga duk wanda ke bakin ruwa ya taɓa jirgi alhali Kaka na gurnani. Har gobe gaisuwarmu ta safe ita ce, me Kaka ta ce?

An ruwaito cewa yana ɗan shekara goma sha biyu mahaifinsa ya neme shi ya rasa, ya same shi a kan dutsen yana ɗora hularsa a bakin ramin, iska ta cilla ta sama, ta kuma zuƙo ta ƙasa.

"Kai, sakarai," in ji Inácio, "zugazugin da ke ba ka abinci yana gida yana jiranka, kai kana nan kana wasa da tsohuwa?"

"Baba, wannan ma zugazugi ne. Ba ya gajiya, kuma ba mai zuga shi."

Ya sha mari a kan wannan amsa, amma bai bar zuwa dutsen ba.

Aikin Soja, Aure da Zaman Faransa

A shekarar 1962 aka ɗauke shi aikin soja na dole, aka tura shi Gini, wadda Fotugal ke mulka a lokacin, inda ya yi shekara uku. Da yake hannunsa ya saba da ƙarfe, sai aka ɗora masa kula da janareton bariki, kuma a can ya fara fahimtar yadda abu mai juyawa ke haifar da wutar lantarki. Bai kasance mai son magana a kan waɗannan shekaru ba, kuma wannan tarihi ba zai yi masa shisshigi ba.

A watan Satumba na 1966 ya auri Idalina Brissos, ƙanwar Baltazar Brissos, Mestre, wato shugaban jirgin nan mai suna Tauraruwar Yamma. Baltazar jarumi ne mai hannun kyauta, mai kuma zafin kai, wanda in kana son ya yi abu to ka ce masa ba zai iya ba. A 1967, bayan haihuwar 'yarsu ta fari, Graciete, Florival ya ƙetara zuwa Faransa a ƙafa ba takarda, kamar yadda rabin samarin ƙauyen suka yi, ya sami aiki a wani gareji kusa da Lyon. Idalina ta bi shi a 1969. A can aka haifi Valdemar a 1970 da Noémia a 1975. Baltazar, wanda bai taɓa hawa jirgin ƙasa ba, ya yi tafiyar kwana biyu don ya zama uban baftismar Valdemar, kuma yaron ya tashi ba shi da gwani a duniya kamar kawunsa.

Florival ya dawo gida a 1977 bayan rasuwar mahaifinsa, ya gaji maƙera. Sauran masu dawowa daga Faransa kan zo da sabuwar mota su gina gidan bene mai fenti. Shi ya zo da tsohuwar a-kori-kura cike da dainamon matattun motoci da fankokin lagireto da tulin waya, har aka yi ta cewa wasu sun je Faransa sun kwaso arziki, Florival ya je ya kwaso juji.

Akwatin Kaka, 1977 zuwa 1981

A lokacin turakun lantarki sun tsaya ne kilomita goma sha ɗaya daga Calheta Velha, kuma da fitilar kananzir ake sauke kifi. Florival ya shafe shekara biyu yana gwaji a kan dutsen. Matsalarsa ita ce Kaka na hurawa tana kuma zuƙa, don haka duk fankar da ya ɗora sai ta juya gaba ta juya baya, dainamo bai ba da komai ba. Maganin ya fito ne daga zugazugin mahaifinsa. Ya ƙera akwatin katako ya shafe shi da kwalta, ya yanka ƙofofi huɗu ya sa musu marafan roba daga tsohon tub ɗin taya, yadda ko Kaka ta hura ko ta zuƙa, iskar ta gefe guda za ta bi ta kan fanka. Ya yi wa akwatin hannuwa huɗu, domin nauyinsa sai mutum huɗu, ya kuma ɗaure shi a bakin ramin da sarƙoƙi. Babu sabon abu ko ɗaya a jikinsa in ban da ƙusoshi.

A ranar sha huɗu ga Afrilu na 1979 ƙwan fitila na farko ya kama. Kafin ƙarshen shekarar akwai fitilu shida a gangaren da ake jan jirage, biyu a bakin mashigi, ga kuma layin tsofaffin batiran mota a zauren ƙungiya, kowane gida na kawo nasa a cika masa kyauta ya je ya kunna rediyo. A wannan zamanin Injiniya ake ce masa, har da cire hula.

Aibin akwatin ɗaya ne: in yana kan ramin, muryar Kaka kan koma siririn fito, ba a bambance numfashi da tari. Dattawa suka kai ƙara taron ƙungiya a watan Yuni, Ti Amândio, wanda ya fi kowa shekaru (Ti muke kiran duk dattijo, namiji ko mace), ya miƙe da sandarsa.

"Florival, ɗan Inácio, ka mai da kakarmu 'yar aikin gidanka. Yanzu fito take kamar butar shayi."

Baltazar ne ya tare wa surukinsa. "Ti Amândio, ba batirinka ne na biyu a layi tun jiya ba? Bari in ciro maka abinka, ranar Lahadi ka je ka saurari Kaka maimakon ƙwallo."

Aka yi dariya, aka kuma yi yarjejeniya, wadda ke rubuce a littafin ƙungiya har yau: duk ranar da sama ta nuna alamar canji, za a ɗauke akwatin kafin faɗuwar rana, don Kaka ta yi magana da bakinta da safe. Florival ya amince nan take, domin shi ma babbar igiya na iya farfasa masa aiki. Cikin shekara biyu da rabi bai saɓa wannan alkawari ko sau ɗaya ba.

Waki'ar Disamba 1981

Da la'asar ɗin Alhamis, goma ga Disamba na 1981, tsuntsayen teku suka koma tudu, Florival ya kira mutum uku su kama masa: Serafim Duarte, da Abílio Rosa, da wani na uku wanda sunansa zai zo a inda ya dace. Suka kwance sarƙoƙi, suka ɗauko akwatin har maƙera. A bakin ƙofa na ukun ya saki hannunsa na hagu saboda yana ba da labari, kusurwar akwatin ta sauka a ƙafar Florival ta karya masa yatsa. Dalilin ke nan da ya sa da sassafen Juma'a ya hau bas zuwa Odemira a duba masa ƙafa, ba ya ƙauyen lokacin da abin ya faru.

A safiyar Juma'a, sha ɗaya ga wata, Kaka ta kwana tana gurnani da bakinta a buɗe, ana jin ta har cikin coci. Baltazar na da tukwane ɗari shida a ƙarƙashin ruwa, irin na ƙasa da muke kama polvo da su, kifin nan mai hannu takwas, kuma ya san in ya bar su teku za ta niƙe masa abincin hunturu gaba ɗaya. Ya tsaya dafe da jirginsa ya daɗe yana saurare, har ya sunkuya ya fara cire takalmin ruwa, alamar ya fasa fita. Sai wani mai shegen baki, wanda kowa ya san ba ya iya ganin shiru ya ƙyale shi, ya ɗaga murya.

"Ashe Mestre ma yanzu sai tsohuwa ta ba shi izini? A kawo masa ɗankwali mana!"

Aka kwashe da dariya. Baltazar ya mayar da takalminsa.

"Ku sa kafaɗa. Awa ɗaya in dawo, mu ga wanda zai ɗaura ɗankwalin."

Mutum goma sha biyu suka sa kafaɗa, mai shegen bakin yana cikinsu, kusan mutum arba'in na tsaye suna kallo. Tare da Baltazar akwai 'yan'uwa biyu, Hermínio da Telmo, 'ya'yan wata bazawara, Ti Ludovina, wadda gidanta ke can cikin kwari inda muryar Kaka ba ta kaiwa. Igiyar ruwa ta uku a bakin mashigi ta kife Tauraruwar Yamma a gaban idon kowa, da misalin ƙarfe takwas da rabi. An tsamo gawar Baltazar da ta Hermínio a ranar. Ta Telmo ba a taɓa gani ba.

Ti Ludovina ta iso bakin ruwa da tsakar rana. Ba ta yi kuka ba da farko, ta bi mutane da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Ga ta nan tana gurnani. Kurame ne ku? Wa ya tura jirgin?"

Can wata murya daga baya ta ce, "Da safe ba haka take ba, Ti Ludovina. Kin san akwatin nan..." Mai maganar bai ƙarasa ba, ba a kuma taɓa tantance ko wane ne ba, kuma hakan ba shi da muhimmanci, domin mutum arba'in ne suka ƙarasa masa ita da shirunsu.

Da ƙarfe biyu Florival ya sauko daga bas yana ɗingishi. Ta cakumi wuyan rigarsa.

"Kai ne! Kai ka toshe mata baki! Da ta yi magana da 'ya'yana sun ji. Matoshi! Allah ya isa tsakanina da kai, Matoshi!"

Florival ya juya ya dubi Serafim, ya dubi Abílio, ya dubi na ukun. Dukansu yashi suke kallo. Kafin rana ta faɗi wasu maza suka ɗauki guduma suka nufi maƙera suka ragargaza akwatin, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ya fara leƙa dutsen, domin kowa ya san inda akwatin yake. Ba wanda ya tambayi yadda abin da sai mutum huɗu ke ɗauka ya tako daga dutse zuwa maƙera alhali mai shi yana Odemira da karyayyar ƙafa.

Abin da ya gudana a maƙera bayan sun watse, Idalina ce ta faɗa wa marubuci, ta kuma ba shi izinin rubutawa. Ita da kanta ta goge gishirin jikin akwatin a safiyar, ta san gaskiya sarai.

"Florival, yayana ya bar mace da 'ya'ya huɗu. In ka buɗe baki, su ne 'ya'yan wanda ya kashe 'ya'yan mutane."

"To namu fa?"

"Namu suna da uba a raye."

Ya dubi ɓaraguzan katako, ya ce, "Shi ke nan. Miƙo min tsintsiya."

A watan Janairu na 1982 jami'in bincike ya zo daga ofishin tashar ruwa, ya saurari shaidu goma sha huɗu, kowannensu ya rantse cewa bai ji komai ba a safiyar. Ba a tuhumi Florival da laifi ba, tun da dokar gwamnati ba ta san da Kaka ba. Ƙauye dai ya riga ya yanke nasa hukuncin.

Shekarun Shiru da Ƙirar Goruna

Valdemar da Graciete suna makaranta a Odemira a wannan mako, suna kwana gidan wata gwaggonsu, sai ranar Asabar suka dawo. Tun a hanya yaron, mai shekara goma sha ɗaya, ya ji sabon sunan. Ya shiga maƙera ya tsaya a gaban mahaifinsa.

"Baba, gaskiya ne?"

"Je ka wanke fuska, ka je ka yi wa matar kawunka ta'aziyya."

Valdemar ya ɗauki wannan a matsayin amsa laifi. Ya yi shekara bakwai a gidan ba ya haɗa ido da mahaifinsa, kuma a 1988, ranar da ya cika sha takwas, ya tafi Faransa, ya ajiye sunan Candeias ya ɗauki Brissos na kawunsa. Yakan kira mahaifiyarsa a waya, in mahaifinsa ne ya ɗauka sai ya ajiye.

Aiki ya ƙaurace wa maƙera. Mutanen da suka san gaskiya sun gwammace su kai angarsu gari na gaba da su shiga su ga fuskar Florival, kuma marubuci na iya shaida cewa ba ƙiyayya ce ta hana su ba, kunya ce, sai dai kunyar da aka daɗe ana ɓoyewa takan koma kamar ƙiyayya. A 1984 turakun lantarki suka iso, aka yi biki da gasasshen kifi, ba a gayyace shi ba.

Bai sake ɗora komai a bakin Kaka ba har ya mutu. Ya karkata ga abin da ya kira gora: jarkar roba mai iyo, a cikinta wani nauyi na lilo a jikin sarƙar keke, yana juya injin da aka ciro daga mataccen injin wanki, duk lokacin da igiya ta ɗaga jarkar ta sauke, ƙaramar fitila ta kama a samanta, ta nuna wa masunci inda tukwanensa ko komarsa suke. Daga baya ya sauƙaƙa ta, ya koma maganaɗisu mai zamewa a cikin bututun roba da aka naɗe da wayar tagulla, babu abin da zai yi tsatsa ya tsaya. Gora ɗaya ba ta kai tsadar takalmin ruwa ba. Masuntan wasu ƙauyuka ne suka fara saya. A 2004 ɗalibai daga wata jami'a a Lisbon suka zo suka auna, suka zana, ya ba su komai bai riƙe sirri ba, kuma an ce har a tsibiran Cabo Verde ana cajin waya da irinta. Mu ma daga ƙarshe mun saya, da manyan jirage suka dame mu da yanke igiyoyin tukwanenmu, amma ta hannun maƙwabta muke saya ko mu aiki mata. Muka kuma raɗa wa gorunan suna matosai, ba kunya ba tsoron Allah. Yau akwai fiye da tamanin suna ƙyalli a gaban mashiginmu.

Serafim ya rasu a 1994 bai yi magana ba. Ti Ludovina ta rasu a 1999 tana tsine wa wanda bai yi mata komai ba. Washegarin jana'izarta mutum na ukun ya yi ta maza ya shiga maƙera, karo na farko cikin shekara goma sha takwas.

"Florival, akwai maganar da na daɗe ina..."

"Riƙe min bututun nan. Da hannu biyu, don na san ka da sakin abu."

Ya riƙe, Florival ya gama naɗa wayarsa a natse, sannan ya ce, "Ka bari sai matar Baltazar ta kwanta dama. Bayan nan bakinka ne, ka yi yadda ka ga dama da shi."

Abílio ya rasu a 2003. Matar Baltazar ta rasu a 2009, kuma daga ranar babu sauran uzuri. Idalina ta nemi ta kira Valdemar ta faɗa masa komai, Florival ya hana ta. "Ya riga ya rasa uba," in ji shi, "kada ki raba shi da kawunsa ma." Mutum na ukun kuwa, wanda ba wanda ya hana, ya ƙara shekara goma sha uku yana shiru. Yana wucewa ta ƙofar maƙera kowace safiya, ya ce me Kaka ta ce, a amsa masa da fara'a, ya wuce. Ya sha neman dalili mai daraja ya ba kansa, bai samu ba: tsoro kawai yake kada jikokinsa su ji maganar ɗankwali.

Wafati, Jana'iza da Zuri'a

Florival Inácio Candeias ya rasu a gidansa ranar tara ga Fabrairu na 2022, bayan jinyar ciwon huhu ta mako uku, saura kwanaki kaɗan ya cika shekara tamanin da ɗaya. Aka buga takardar sanarwa bisa al'ada, da laƙabin a ƙasan sunansa, aka liƙa a ƙofar coci. Idalina, mai shekara saba'in da takwas, ta tako da sandarta ta yage ƙasan takardar a gaban jama'a ta jefa a aljihu.

An binne shi washegari a makabartar kan tudu, kusa da mahaifinsa, kabari biyar tsakaninsa da Baltazar. Valdemar ya zo saboda mahaifiyarsa, ya tsaya a bakin ƙofar makabarta hannuwansa a aljihu, ya ƙi kama makara, ya koma a ranar. Da aka rasa cikon masu ɗauka, sakataren ƙungiya ya matso ya miƙa hannu. Idalina ta tare shi da sanda.

"A'a, Gaudêncio. Ka taɓa ɗaukar masa akwati sau ɗaya, ya isa." Ta dube shi tun daga sama har ƙasa. "Bakin nan naka da ba ya rufuwa, wa ya sa masa matoshi shekara arba'in?"

A nan sunan da aka jinkirta ya dace ya zo. Gaudêncio Viegas shi ne na ukun da ya kama akwatin ranar Alhamis ya saki hannun hagu. Shi ne mai shegen bakin da ya nemi a kawo ɗankwali, shi ne ɗaya daga cikin sha biyun da suka sa kafaɗa, shi ne shaida na tara da ya rantse bai ji komai ba, kuma shi ne sakataren da ya rubuta wannan tarihi. Baltazar ya riga ya fara cire takalmi, wannan ma a rubuta, don 'ya'yansa su sani. Mutum huɗu daga cikin sauran masu turawa na raye, suna zaune a zauren nan, kuma ba za a ambaci sunansu ba, kowa ya san kafaɗarsa.

Marigayin ya bar matarsa, Idalina, da jikoki bakwai, da 'ya'ya uku, waɗanda za a rubuta su a nan da sunan mahaifinsu ba tare da ƙari ba: Graciete Candeias, ma'aikaciyar jinya a Setúbal, Noémia Candeias, wadda ta gaji maƙera tana ci gaba da ƙera goruna, da Valdemar Candeias, direban babbar mota a Lyon, wanda ya shekara talatin da huɗu bai yi wa mahaifinsa magana ba. An adana kwafi ɗaya na wannan tarihi a littafin ƙungiya, an aika ɗaya zuwa Lyon, kuma ba a sani ba ko za a buɗe ambulan.

Valdemar, tambayar da ka yi a maƙera ba a ba ka amsarta ba. Ba gaskiya ba ne. Akwatin yana gida tun ranar Alhamis, da hannuna na kawo shi.